Kurwar Motar Alhaji Sharfaddeen

Ganou, Parakou
Talata, 8 ga Afrilu, 2025

Zuwa ga yayata Habiba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara da dukkan mutanen Djougou. Yaya ƙafar nan taki da ta kumbura cikin azumi, ta sace? Mu nan lafiya lau, matata Sakinatu tana gaishe ki. An yi salla lafiya, Allah ya maimaita mana.

Bayan haka, Yaya, kada ki yi mamakin ganin takarda daga wurina a wannan zamani na waya. Sau bakwai na kira ki ba ki ɗauka ba, kuma na rantse ba zan sake tura saƙon murya gidanmu ba, tunda na ga abin da na ƙarshe ya jawo. Shi ya sa na zauna na rubuta, na ba Yahouza direban layin Djougou ya danƙa miki hannu da hannu. Shi ne ma ya ba ni labarin, yana ta kame-kame, ya rasa ta inda zai fara.

Wai tun bayan salla babu mai cin abincin Gwaggo Hamida. Wai an hana yara shiga ɗakinta, an ware mata buta da kwano, in ta fito tsakar gida mata su janye 'ya'yansu. Wai Gwaggo mayya ce, ta kama kurwar motar Yaya Alhaji Sharfaddeen, kuma wai ni Badamasi ni na tabbatar da haka da bakina. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Gwaggon da ta ɗauke ni ina shekara huɗu da Inna ta rasu, ta goye ni, ta sa ni lakwal, wato makarantar boko, ta sayar da tasoshinta ta kai ni koyon gyaran mota? Haba, Yaya! Tun yaushe mota ta yi kurwa? Ƙarfe ne fa da roba.

Bari in faɗa miki yadda aka yi tun daga farko, kuma ina roƙonki ki karanta wa Alhaji takardar nan kalma da kalma, kada ki tsallake ko ɗaya.

Kin san bara ya sayo motar nan a Cotonou, cikin waɗanda ake saukewa daga jirgin ruwa, mai shan gazuwal, wato man dizal, mai turbo. Bai neme ni ba. Ƙaninsa makanike ne, shekara goma sha tara ina cikin baƙin mai, amma ya gwammace ya tafi da abokin kasuwancinsa wanda bai san gaban inji da bayansa ba. Na ƙyale shi, shi ne babba a gida tun rasuwar Baba. Da ta fara mutuwa ma bai neme ni ba. Masu gyaran bakin hanya suka canza mata filtir, suka canza batir, suka wanke tanki, wani gwani ya ga hayaƙi ya ce turbo ne, ya kwance ya mayar. Sai da duk suka gama wasa da ita, ranar Alhamis ta ƙarshen azumi, ya shigo garejina ya jefa mini makulli, ya ce in duba kafin ya dawo daga kasuwa.

Na tayar da ita na saurara. Da sanyi tana tashi da ƙyar, tana karkarwa. A kan hanya tana tafiya, sai dai babu ƙarfi. Amma in ta yi zafi ka tsayar da ita ka bar injin yana aiki, abin da muke kira ralanti, minti biyu zuwa uku sai ta yi tari ta mutu. Na bi layin gazuwal, yana zuwa daidai, iska ba ta shiga. Na taɓa turbo da yatsa, ba ya wasa, lafiyarsa ƙalau, sharri aka yi masa. Na jona mata baliz, na'urar nan da ke karanta ƙwaƙwalwar mota, ta nuna mini saman inji da ƙasansa ba sa tafiya tare. Sai na kwance murfin gefe.

To ki saurara da kyau, a nan maganar take. A bayan murfin nan akwai wani madauri na roba mai haƙora. Shi ke haɗa ƙasan inji da samansa, domin piston da supap, wato bawul-bawul na saman inji, su riƙa kauce wa juna, in wannan ya hau wancan ya ja da baya. Da Faransanci sunansa courroie. Mu a gareji babu mai wahalar da harshensa, kurwa muke cewa, kullum, sau ashirin a rana, har na manta kalmar tana da wata ma'ana a bakin mutanen gida. Na sami kurwar motar Alhaji jiƙe sharkaf da baƙin mai. Wani tsohon juwan, wato zoben roba da ke tare mai, ya bushe yana yoyo a kanta, mai kuwa cin roba yake yi. Haƙoran sun yi laushi, wasu sun zube, har ta tsallake haƙori ɗaya. Shi ya sa injin yake rasa lissafinsa ya mutu. Ga kuma wani abin takaici: agogon gaban motar yana nuna kilomita dubu tamanin, amma na sami 'yar takarda manne a gefen injin, an rubuta cewa an canza kurwar a dubu ɗari da hamsin, shekara takwas da suka wuce. An juya masa agogo a wurin saye, shi da abokinsa suna ta murna sun yi sa'a.

Babu irin kurwar nan a Parakou, sai an aiko daga Cotonou. Na mayar da murfin, na fito da motar daga kan ramin gyara, na tafi azahar. Kafin in dawo Alhaji ya zo da ɗayan makullinsa ya ja abarsa ya kama hanyar Djougou, ko jirana bai yi ba. Na kira sau uku bai ɗauka ba. Hankalina ya tashi, domin in kurwar nan ta tsinke yana gudu, injin ya tashi aiki. Sai na tura saƙon murya cikin sauri. Yana nan a wayata, na saurare shi yau har na gaji, ga abin da na ce:

"Yaya Alhaji, na gano matsalar. Kurwar motar ake ci, kuma daga ciki ake cin ta. Wani tsohon abu ne da ya daɗe a nan. An ci fiye da rabi. Kada ka sake ɗaukar kowa a cikinta sai na zo."

Yahouza ya ce wayar tana hannun Khalida matar Alhaji, ta buɗe saƙon a tsakar gida, kowa yana ji. Wallahi da na saurare shi da kunnen mutanen gida sai da na gane yadda suka ɗauke shi. Amma duk da haka, a gida guda a rasa mutum ɗaya da zai kira ni ya ce, Badamasi, me kake nufi?

Na san abin da suke kafa hujja da shi: sau uku motar tana mutuwa daidai lokacin da Gwaggo ta kama ƙofar za ta shiga. Don Allah ki tambayi Alhaji, wa yake jira a duniyar nan? Khalida da gudu take fitowa, yara tun kafin ya fito suke ciki. Mutum ɗaya ce yake tsayawa ya bar inji yana aiki saboda ita, mai ciwon gwiwa, wadda sai ta nemo takalmi, ta rufe ɗaki, ta tako a hankali. Minti uku kenan. Na gaya miki minti nawa motar take yi a tsaye kafin ta mutu. Ko liman ya tsaya jira, haka za ta yi.

Ga abin da nake so. Ki karanta masa wannan a gaban Khalida da duk wanda ya ji saƙon. Ya ajiye motar, kada ya ko tayar da ita, na aika Cotonou, kayan suna zuwa zan taho in sa da kaina. Ke kuma ki shiga ɗakin Gwaggo ki gaishe ta, ki ce mata ina tafe.

Ki gaida maigidanki da yara. Allah ya bar zumunci.

Ƙaninki,
Badamasi

Ganou, Parakou
Lahadi, 27 ga Afrilu

Yaya Habiba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gidanki, da fatan kowa lafiya. Na ji ƙafar ta yi sauƙi, alhamdu lillahi. Gaisuwar ke nan, ba zan iya tsawaita ta ba yau.

Na sami 'yar takardarki mai layi huɗu. Kin ce kin ga bai dace ki tsaya gaban babban wa kina karanta masa faɗan ƙaninsa ba, sai kika ja shi gefe kika gaya masa "kan maganar", cewa roba ce ake kira kurwa, ya sa a canza. Sannu, Yaya. Sannu da ladabi. Kin san abin da ladabin nan naki ya haifa?

Mota tana da kurwa biyu. Akwai ta waje, wadda kowa yake gani da ya ɗaga murfin gaba, mai juya abin cajin batir. Akwai ta ciki, a bayan murfin gefe, wadda na ɓata shafi guda ina yi miki bayaninta. Alhaji ya kai wa wani na bakin tasha ya ce a canza kurwa. Shi kuma ya ga ta waje a gabansa, ya cire lafiyayya ya sa sabuwa cikin minti goma. Motar ta isa ƙofar gida ta mutu kamar kullum. Shi ke nan, sai aka ce to ga shi, an canza ta roba ba ta daina ba, ashe dai ɗaya kurwar ake nufi, Badamasi yana rufa wa gwaggonsa asiri ne kawai. Da kin karanta takardar yadda na roƙe ki, da ko yaro ya gane ba ita ba ce.

Aka yi zama a zaure, har da maƙwabta, babu wanda ya kira ni. Aka yanke a kai Gwaggo Sérou, gidan Malam Aboubacar ɗan'uwan marigayi mijinta, wai har ƙura ta lafa. Kuma na ji yadda aka kai ta. Babu mai motar da ya yarda ya ɗauke ta, sai a bayan babur ɗin ɗan zem mai haya, tsohuwa mai shekara saba'in da ɗoriya, da ƙullin kayanta a cinya, a kan jar hanyar nan. Daga gidan da aka haife ta, gidan da kakanmu ya gina da fataucin goro. Kina unguwa ɗaya da su. Kin leƙo ta taga ko ko rufe ta kika yi?

Sauran kin san shi. Ranar Laraba Alhaji ya tafi sayen masara Kolokondé, yana cikin gudu kurwar ta tsinke. Gwaggo tana can Sérou kwana goma, ba ta ga motar ba balle ta taɓa ta. Na ɗauka wannan zai buɗe musu ido. Ina! Wai fushi ta yi da aka kore ta, ta ƙarasa cinyewa daga nesa. Tana kusa ita ce, tana nesa ita ce. Ki gaya mini inda baiwar Allah nan za ta tsaya a ce ba ita ba ce.

Ranar Juma'a aka kawo motar a bayan babbar mota, Alhaji yana gaba. Na gaishe shi a taƙaice. Na sa ya zauna a benci, na kwance saman injin a gabansa. Abin da na ji wa tsoro shi ya faru: da kurwar ta tsinke, supap suka tsaya cak a buɗe, piston suka hau suka doke su. Takwas sun lanƙwashe, kan piston biyu ya yi tabo, har ƙarfen da ke danna supap ɗin ya karye. Na jera masa su a kan kwali. Na zaro kurwar na sa masa a hannu, mai yana ɗiga a kan farar shaddarsa, ban ba shi tsumma ba. Na nuna masa wurin da haƙora goma sha ɗaya suka zube, na nuna masa juwan ɗin da ya bushe, na nuna masa sabuwar kurwar waje da aka sa masa a banza.

Ya gane, Yaya. Na ga idonsa, wallahi ya gane. Ya daɗe yana juya robar. Amma kin san abin da ya fito daga bakinsa? Wai to, ko da roba ce, wa ya san abin da ya sa robar ta lalace? Da na ɗaga murya sai ya sauko, ya ce shi ma abin yana damunsa, amma magana ce da aka yanke a gaban maƙwabta, in ya janye yanzu da wane ido zai dubi mutane, a bari bayan babbar salla a dawo da ita a hankali. Wato girmansa ya fi sunan ƙanwar ubansa. Na gaya masa maganganun da ƙane ba ya gaya wa wa, masu shagon kusa suna ji. Ban yi nadama ba tukuna. Na ce masa motar nan ba zan ɗaura mata ko ƙusa ɗaya ba sai ya tara mutanen da ya tara a zaure ya ce ya yi kuskure. Ya kaɗe rigarsa ya tafi tasha.

Ga kurwar nan na naɗe a jarida na ba Yahouza. Ki kai wa Khalida, ki ce ga abin da mayya ta ci, ta shinshina ta ji ko warin miya yake yi.

Kada ki ɗauka kaina na wanke. Parakou zuwa Djougou awa biyu ne da 'yan kai. Ranar da Yahouza ya ba ni labari ya kamata in rufe gareji in taho, in tsaya a tsakar gida in yi bayani da bakin da ya yi ɓarnar. Sai na zauna ina jiran kaya daga Cotonou, ina cewa in zo gaba ɗaya, motocin mutane sun cika mini wuri, na ɗauka takarda za ta isa. Kayan sun zo ranar Talata, kwana ɗaya kafin ta tsinke, suna nan cikin kwalinsu. Ina jin haushin Alhaji, ina jin naki, amma in na kalli kwalin nan nawa ya fi.

Asabar mai zuwa zan tafi Sérou. Ba zan biyo ta gida ba.

Allah ya shirye mu baki ɗaya.

Badamasi

Ganou, Parakou
Litinin, 5 ga Mayu

Zuwa ga yayata Habiba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina yi miki gaisuwa irin ta ƙane da yayarsa, ina tambayar lafiyarki da ta maigida da yara, Allah ya sa kuna cikin ƙoshin lafiya. Sakinatu da 'yarmu Kausar suna gaishe ki. Na san takardata ta baya ta yi zafi. Ban janye ta ba, amma yau da wata magana na zo.

Na je Sérou. Malam Aboubacar mutumin kirki ne, bai yarda da zancen ba ko kaɗan, ya ba ta ɗaki a cikin gida kusa da na iyalinsa. Ita ce ta ƙi. Ta kwashe tabarmarta ta koma ɗakin da suke ajiye masara a bayan gida, ta ce can ya fi mata. A can na same ta. Ta rame, Yaya, zoben nan nata na azurfa da ba ya fita, yanzu da zare ta ɗaure shi.

Na yi sallama na durƙusa zan kama hannunta, sai ta janye shi cikin zane. Ta ja mayafi ta rufe idonta, ta juya fuska bango, ta ce in yi magana daga nan, kada in matso. Na ɗauka fushi take yi da ni, na fara ba ta haƙuri. Ashe ba fushi ba ne.

Ta ce tana tsakar gida tana tankaɗe lokacin da aka buɗe saƙon. Ta ji muryata. Ta ce da Khalida ce ta faɗa, ko Alhaji, ko duk mutanen Djougou, da ta yi dariya ta ci gaba da aikinta. Amma Badamasi ne, ita ta raine shi, ta san ba ya yi wa mutum ƙazafi, kuma shi ne mai na'urar da ke ganin abin da ke ɓoye. Ta ce ta taɓa ji ana iya zama da abin nan a jiki mutum bai sani ba. Sai ta zauna ta fara tuna waɗanda suka mutu a kusa da ita. Mijinta da babbar mota ta kife da shi a hanyar goro. 'Ya'yanta biyu da ƙyanda ta kwashe a wata ɗaya. Baba. Ta ambace su ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, muryarta ko rawa ba ta yi, alamar ta daɗe tana maimaita su ita kaɗai. Sannan ta ce, "Da uwarka. Ni na yi jinyarta, a hannuna ta cika, kuma na daɗe ina son ɗa. Ka yafe mini uwarka, Badamasi."

Yaya, ban san lokacin da na fashe da kuka ba, ƙato da ni, a kan buhunan masarar mutane. Duk fushin da na ɗauko daga Parakou na rasa wanda zan sauke wa.

Na koma mota na ɗauko wata tsohuwar kurwa da na taho da ita, na sa mata a cinya tunda ta ƙi karɓa. Na yi mata bayanin courroie, na mai, na haƙora, na minti ukun nan, sau biyu, a hankali. Ta shafa robar da yatsa ɗaya, ta ce, "To, na ji." Irin "na ji" ɗin nan da take ce mini in na dawo da rana tsaka na ce malamin lakwal ne ba shi da lafiya. Tana ganin lallashinta nake yi.

Na ce ba zan bar garin ba sai da ita, in ta ga dama mu shekara a ɗakin masara. Da la'asar ta yarda, don dai kada in rasa aikina. Ta shiga bayan motata hannuwanta cikin zane, ba ta taɓa ƙofa ba, ba ta jingina ba, tun daga Sérou har Ganou tana salati ƙasa-ƙasa, tana jiran motar ta mutu. Ba ta mutu ba. Da muka iso na ce kin gani? Ta ce Allah ne ya tsare ni.

Yanzu tana gidana. Sakinatu tana iya ƙoƙarinta, Allah ya saka mata. Amma jiya Kausar ta dawo daga makarantar allo ta ga kakarta, ta sheƙo da gudu za ta faɗa jikinta, sai Gwaggo ta ƙwalla ihu a ɗauke yarinyar, a ɗauke ta. Kausar ta tsaya a tsakar gida tana kuka, ba ta san laifin da ta yi ba. Kowace safiya kuma sai Gwaggo ta tambaye ni ko motar Alhaji ta tashi. Na fara haɗa injin yau, ba don ya tara mutanen zaure ba, bai tara ba. Kwana huɗu ya ishe ni. Sai dai ban san abin da za ta ɗauka ba in ta tashi, ko ta ce ai ita ce ta sake ta.

Zancen Alhaji da maƙwabtansa ya fita daga raina yanzu, su je su da Allah. Ko duk Djougou ta taru ta ba ta haƙuri ba zai yi amfani ba muddin ita da kanta tana ganin ita ta kashe Inna. Ga dalilin takardar nan.

Kina shekara goma sha uku lokacin. Kin san amai da gudawa ne, shekarar da ya shiga unguwarmu ya kwashe mutane gida-gida. Kuma ranar ɗaurin aurena kin gaya mini wata magana da kika ce ba ki taɓa gaya wa kowa ba. Kin ce da Gwaggo ta fita ɗebo ruwa, Inna ta kama hannunki ta ce, in ta tafi, ki kai Badamasi wurin Hamida, ita kaɗai ta yarda da ita a gidan nan. Kin ce kunya ta hana ki faɗa wa Gwaggo, da kika ga ta ɗauke ni da kanta sai kika bar zancen. Shekara talatin da huɗu matar nan ba ta san uwata ce ta zaɓe ta ba.

Na gaya mata shekaranjiya. Ta ce, "Kana shekara huɗu, me ka sani?" Gaskiyarta. Ni ban gani ba, kuma bakina ya riga ya faɗi magana biyu a kanta, ba ta san wadda za ta riƙe ba. Ke kaɗai kika rage a duniya wadda take cikin ɗakin nan.

Na san abin da kike tsoro. Dangin mijinki za su ce kin je wurin mayya, Khalida za ta daina gaishe ki, Alhaji zai ce kin bi bayan ƙaninki marar kunya. Duk za a yi, ba zan yi miki ƙarya ba. Kin yi shiru ranar saƙon murya, kin yi shiru ranar zaure, kin yi shiru ranar babur. Wannan karon kada ki aiko layi huɗu, ba ta iya karatu, in kuma ni na karanta mata muryata ce dai za ta ji.

Yahouza zai tashi daga tashar Djougou ranar Alhamis da hantsi. Na ce ya bar miki kujerar gaba saboda ƙafarki. Ɗazu da na kai wa Gwaggo ruwan alwala, ta tambaye ni daga bayan mayafi ko Habiba ma tana tsoronta. Na ce mata ban sani ba, Alhamis za mu gani.

Ki gaida maigidanki, ki shafa mini kan yara. Allah ya ji ƙan Inna da Baba, ya kawo ki lafiya.

Ƙaninki da ke jiran ki a tasha,
Badamasi